Ranar zaɓen shugaban ƙasa a cikin birni: me zan tarar a rumfa, kuma yaushe zan dawo gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗinki ce a Kano. Na yi katin zaɓe tun ina gidanmu a Gwammaja, amma ban taɓa fita zaɓe ba. Yanzu an kawo ni aure Panshekara. Ina so in fita zaɓen shugaban ƙasa mai zuwa, sai dai maigidana ya ce wahalar banza ce, mutum ya yini a rana alhali an riga an rubuta sakamako. Don Allah me ake yi a ranar tun daga safe, awa nawa zan ɓata, kuma da gaske ƙuri'ar tana da amfani?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya sanya alheri a zaman, ya ba da zuri'a ɗayyiba.

Zan ba ki amsa ne da abin da ya gudana ranar Asabar 25 ga Fabrairun 2023, domin na yi aikin sa ido a rumfunan cikin birnin Kano a ranar, kuma na taɓa horar da ma'aikatan wucin gadi a zaɓukan baya. Kafin kowane zaɓe hukumar INEC tana fitar da ƙa'idojinta, wasu abubuwan kan ɗan motsa, amma tsarin yinin bai cika canzawa ba. A taƙaice, ki ware ranar gaba ɗayanta. Dangwalawar kanta ba ta cin minti biyar. Abin da ke cinye yini shi ne jiran da ke gabanta, abin da ya fi muhimmanci kuma shi ne ƙirgen da ke bayanta, wanda yawancin mutane ba sa tsayawa su gani.

Amma kafin mu kai can, akwai matsalar da ke cikin tambayarki wadda ba ki tambaya ba, kuma ita ce ke hana mutanen birni da yawa zaɓe. Katin zaɓe ba katin cirar kuɗi ba ne da za ki sa shi a duk na'urar da kika samu. A rumfa ɗaya tak yake aiki, wadda aka rubuta sunanki a rajistarta. Taki tana Gwammaja a Ƙaramar Hukumar Dala, ke kuma kina kwana a Panshekara a Kumbotso. Ranar zaɓe 'yan sanda suna hana zirga-zirgar ababen hawa. A 2023 daga ƙarfe 12 na dare ne zuwa ƙarfe 6 na yamma. Babu adaidaita sahu, babu bas, babu ɗan babur, sai motocin jami'an tsaro, da na ma'aikatan zaɓe, da na asibiti, da na 'yan jarida da masu sa ido. Titin Zariya da na Katsina, waɗanda a ranar aiki mutum ba ya iya tsallaka su sai da addu'a, za ki ga yara sun jera duwatsu suna buga ƙwallo a tsakiyarsu. Mutumin ƙauye bai san wannan damuwar ba, don rumfarsa tana ƙofar gidan mai gari ko firamaren garin. Mutumin birni kuwa ya yi rajista kusa da ofis, ko kusa da shagonsa a Kantin Kwari, ko yana ɗalibi a Jami'ar Bayero, ko yana gidan haya da tuni ya tashi. Ranar zaɓe sai ya farka ya tarar tsakaninsa da akwatinsa tafiyar awa biyu ce a ƙafa, sai ya koma ya kwanta.

Hanya biyu gare ki. Ko dai ki nemi a mayar miki da rumfa zuwa unguwar da kike zaune, wanda ake yi lokacin da aka buɗe rajista kawai, kuma ana rufewa da wuri (na zaɓen 2023 an rufe tun 31 ga Yulin 2022), ko kuma ki nemi izinin maigida ki kwana gida ranar Juma'a. In lokacin sauyin ya wuce miki, ta biyun ce kaɗai ta rage. Ko da kin koma Gwammaja ma, kada ki ɗauka inda kika yi rajista nan ne rumfarki har yanzu. A 2021 hukumar ta ƙara rumfuna 56,872, suka tashi daga 119,974 zuwa 176,846 a faɗin ƙasa, Jihar Kano ta samu 11,222. Kafin zaɓen 2023 an kwashe wasu masu zaɓe daga rumfunan da suka cika aka mayar da su sababbi na kusa. Na ga mutanen da suka bi layi tun safe, sai da suka kai gaban tebur aka ce sunansu yana rumfar bayan masallaci. Ki sa wani ya duba miki a shafin hukumar da lambar katinki tun ana saura kwanaki, da safen ranar kuma ki fara duba takardun rajistar da ake mannawa a bango, ki ga sunanki da hotonki kafin ki shiga layi.

A ƙa'ida ƙarfe 8:30 na safe ake buɗe rumfa, a rufe layi ƙarfe 2:30 na rana. A aikace kuwa, a 2023 rumfuna da yawa a ƙasar ba su buɗe kan lokaci ba, masu sa ido na gida da na waje duk sun rubuta haka. In kin san yadda kayan ke isowa ba za ki yi mamaki ba. Ma'aikatan rumfa huɗu ne, shugaban rumfa da mataimaka uku, shugaban kuma galibi ɗan bautar ƙasa ne, sau da yawa baƙo ne da bai san lungunan birni ba. Daren Juma'a suna kwana a wata makaranta da aka ware wa mazaɓa, a kan tabarma ko benci, da asuba a raba musu akwatuna da takardu da na'ura, sannan su jira motar da aka yi yarjejeniya da ƙungiyar direbobi ta kai su, da ɗan sandan da zai raka su. Ɗaya daga cikin waɗannan ya makara, rumfa ta makara. A 2023 kuma abu biyu suka haɗu: wahalar man fetur da ƙarancin takardun kuɗi saboda sauya fasalin naira, lokacin da mutum yana da kuɗi a banki amma ba ya iya ganin dubu biyu a hannunsa. Don haka in kin ga yarinya ko yaro cikin kakin bautar ƙasa sun iso ƙarfe goma ido ja, kada ki shiga cikin masu zaginsu. Ba su ne suka tsara ba, kuma wataƙila ba su karya ba.

Abin da za ki tarar da safe shi ne mutanen unguwa sun riga hukuma yin tsari. Wani dattijo ko wani matashi mai baki zai yagi takarda daga littafin ɗan makaranta, ya fara rubuta sunaye da lamba, wani lokaci har a rubuta wa mutum lambar a tafin hannu da biro. Wannan takardar ba ta cikin doka, amma in an bi ta da gaskiya tana hana rigima. Tun da gidanku yana kusa, ga dabara: ki fita da misalin ƙarfe bakwai ki karɓi lamba, in ma'aikata ba su iso ba ki koma gida ki karya, ki bar wani ƙaninki yana leƙa miki. Lokacin da ya fi kowane muni shi ne tsakanin goma zuwa sha biyu, sanyin safiyar ƙarshen hunturu ya tafi, rana ta ɗaga, kowa ya fito lokaci guda. A Kano layin mata daban yake da na maza, ana shiga da su bi da bi, kuma a unguwanni da yawa na matan ne ya fi tsawo, ya fi haƙuri. Tsofaffi, da masu juna biyu, da masu goyo, da masu buƙata ta musamman, ƙa'ida ta ce a fara da su. In kina cikin waɗannan kada ki ji kunya, ki yi wa shugaban rumfa magana.

Ki riƙe katinki na asali, ba hotonsa a waya ba, ba takardar wucin gadi ba. Ki riƙe ruwa da ɗan abin taɓawa, ki cika waya da caji. Kada ki ɗaura atamfar da aka raba mai hoton ɗan takara, domin doka ta hana nuna alamar jam'iyya ko yin kamfe a cikin tazarar mita 300 daga rumfa. A garin nan kin san har hula tana magana. Lema ma, wadda za ta kare ki daga rana, a wasu rumfunan sai matasa sun tsokane ki a kanta, saboda haka mayafi mai kauri ya fi sauƙi.

Idan layi ya zo kanki, teburin farko na tantancewa ne. Za ki miƙa katin, ma'aikaci ya nemo bayananki a cikin na'urar BVAS, wadda ba ta wuce girman babbar wayar hannu ba, sannan ya ɗora yatsanki a kai. In ta gane zanen yatsa, shi ke nan. In ba ta gane ba, sai ya ɗaga ta ya ɗauki fuskarki. Mata su ne yatsa ya fi ba wa matsala: lalle mai duhu, wanki da wanke-wanke, kaushin aiki. Ke da kike yini da allura da almakashi, kada ki yi mamaki in sai an kai ga fuska. Ki ɗaga lallen zuwa bayan zaɓe. Mai niƙabi kuma dole ta ɗaga na ɗan lokaci, kuma tana iya roƙon mace daga cikin ma'aikata ta ɗauke ta in akwai. Na ga wata tsohuwa da aka gwada yatsunta ɗaya bayan ɗaya na'urar ta ƙi, aka juya ta wajen haske, aka ce ta ɗan ja mayafi baya, tana ta mita cewa ita tun zamanin Shagari take zaɓe ba a taɓa ɗaukarta hoto ba. Na'urar na karɓa, layin matan gaba ɗaya ya ɗauki guɗa.

Wannan matakin shi ne babban bambancin yau da jiya. A 2015 na'urar karanta kati aka yi amfani da ita, wadda ta ƙi karanta katin Shugaba Goodluck Jonathan kansa a garinsu Otuoke. A lokacin in na'ura ta ƙi, sai a cike wa mutum wata takarda a bar shi ya yi zaɓe, kuma ta wannan ƙofar aka riƙa shigar da mutanen da ba su zo ba. Tsarin 2023 ya toshe ƙofar: in yatsa da fuska duk sun ƙi, babu zaɓe. Na'urar kuma tana ajiye adadin waɗanda ta tantance, kuma Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ce in ƙuri'un da ke cikin akwati suka fi wannan adadin, a soke zaɓen rumfar. Ma'ana, wanda ya dangwala takardu ɗari biyar ya cusa a akwati bai ƙara wa ubangidansa komai ba, rumfar ya kashe.

Daga nan ma'aikaci na biyu zai nemo sunanki a rajista ya yi alama, ya shafa miki tawadar da ba ta fita da wuri a gindin farce. Sai shugaban rumfa ya ba ki takardu uku, domin ranar ba shugaban ƙasa kaɗai ake zaɓa ba, har da sanata da ɗan majalisar wakilai. A nan ki nutsu, ki juya bayan kowace takarda ki tabbatar an buga hatimi, an sa hannu, an rubuta kwanan wata. Mutanen Kano sun fi kowa sanin muhimmancin wannan. A watan Satumbar 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓen gwamna ta cire ƙuri'u sama da 165,000 daga na Abba Kabir Yusuf a kan cewa babu hatimi ko sa hannu a jikinsu, sai a ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar masa da su. Kusan wata huɗu jiha tana zaman ɗar-ɗar a kan abin da mai zaɓe zai iya dubawa cikin ƙiftawar ido. In kin ga babu, ki mayar masa cikin ladabi ya buga.

A jikin takardar babu hoton ɗan takara, babu sunansa. Tambarin jam'iyya ne da haruffanta, an jera su bisa tsarin abacada, da ɗan fili a gaban kowanne. A 2023 jam'iyyu 18 ne a takardar shugaban ƙasa, kuma rabinsu da harafin A suka fara: A, AA, AAC, ADC, ADP, APC, APGA, APM, APP, kafin a gangaro kan su LP, NNPP, PDP, PRP, SDP. Wanda ya zo da "ta sama" ko "ta tsakiya" a kansa zai dangwala wa wanda bai taɓa jin sunansa ba. Ki san tambarin tun daga gida, kuma ki sake dubawa dab da zaɓe, domin jam'iyya kan canza tambari, 'yan takara kuma kin san yadda suke sauya sheƙa. Ba dole ba ne ki yi sak. Kina iya zaɓar shugaban ƙasa a wata jam'iyya, sanata a wata, abin da ake kira shinkafa da wake.

Ki taɓa tawadar kaɗan, kada ki tsoma yatsa. Ki dangwala sau ɗaya a cikin filin, kada ta haura layi zuwa gidan maƙwabci. Ki ɗan dakata ta sha iska, sannan ki naɗe takardar a tsaye, ta tsawonta, ba ki ninka sama ta haɗu da ƙasa ba. Dalili shi ne in kin ninka ta a kwance, ɗanyar tawadar za ta manna a gaban wata jam'iyya, a wajen ƙirge a ga yatsa biyu, a ce ƙuri'a ta lalace. Ki goge yatsan kafin ki taɓa takarda ta biyu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ƙuri'u 939,278 aka ƙi karɓa a faɗin Najeriya, kusan adadin abin da Kwankwaso ya samu a Jihar Kano gaba ɗaya. Mutane ne da suka yini a rana, suka koma gida da tawada a farce, ba a ƙirga su ba. In kin ɓata takarda kafin ki jefa, ki kai wa shugaban rumfa ya soke ta ya ba ki wata. In ta riga ta shiga akwati, ta shiga. Akwatunan uku ne, kowanne da rubutu da launin murfinsa, ma'aikaci zai nuna miki.

Masu sayen ƙuri'a za ki gan su, ba sai an nuna miki ba. Ba sa tsayawa a rumfa. Suna cikin wani soro ko lungu na kusa, da wata mata mai jaka da littafin sunaye, da wani yaro da aka ajiye inda yake hango hannun mai dangwalawa ya yi ishara. A 2023 da tsabar kuɗi ta yi wuya, sai aka koma taliya da sabulu da atamfa da alkawarin turawa ta waya, wanda da yawa har yau suna jira. Jami'an EFCC sun zagaya rumfuna a ranar, an kuma hana shiga wurin dangwalawa da waya don kada a ɗauki hoton ƙuri'a a kai shaida. A doka mai bayarwa da mai karɓa duk masu laifi ne. Ni ba na zagin matar da ta kwana da yunwa ta karɓi taliya, amma ki lura da abu ɗaya: in an ajiye wurin dangwalawa a inda na bayanki ke ganin hannunki, kina da ikon cewa a juya shi, kuma in mutum biyu ko uku suka faɗa ana juyawa.

Ƙarfe 2:30 ɗan sanda ko ma'aikaci zai tsaya a bayan mutum na ƙarshe. Duk wanda yake cikin layi a lokacin sai ya yi zaɓe, ko da za a kai dare. Wanda ya zo bayan nan ya makara. A rumfunan da aka fara a makare hukumar ta ce a ci gaba har a gama da mutanen da ke wurin.

Yanzu mu zo kan maganar maigida, Allah ya ƙara masa lafiya. Maganarsa tana da tushe, amma ya ɗora ta a inda ba nan ne wurinta ba. Sakamakon rumfa ba a rubuta shi a ɓoye, a gabanki ake yin sa. Bayan mutum na ƙarshe ya jefa, shugaban rumfa zai soke takardun da ba a yi amfani da su ba, ya zazzage akwati a kan tebur ko tabarma, a ware kowace jam'iyya da tarinta. Sai ya riƙa ɗaga takarda ɗaya-ɗaya, jama'a suna ƙirgawa da ƙarfi tare da shi, ɗaya, biyu, uku, har yaran unguwa. In an zo kan wadda tawada ta haura layi, nan ne wakilan jam'iyyu za su yi caa, kowa yana cewa tasa ce, a ɗaga ta kowa ya gani, shugaban rumfa ya yanke. Wakili yana iya neman a sake ƙirge sau ɗaya. A wata rumfa da na tsaya a cikin Ƙaramar Hukumar Gwale magariba ta riske su ba a gama ba, babu wuta, sai matasa suka kewaye teburin da fitilun wayoyinsu, wakilin wannan jam'iyya yana haska wa na waccan takarda. Da aka gama, aka rubuta alkaluman a takardar sakamako mai suna EC8A, da lamba da kuma kalmomi, shugaban rumfa ya sa hannu ya buga hatimi, wakilai suka sa hannu kowa ya karɓi kwafinsa, ɗan sanda ma ya karɓi nasa, aka faɗi sakamako da baki, aka manna wata takardar a bango don jama'a. Wanda duk ya tsaya ya ga wannan ba zai ce an riga an rubuta ba.

Inda ake jin tsoro shi ne bayan takardar ta bar rumfa. Daga nan za ta tafi cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa, Kano tana da mazaɓu 484, daga can zuwa ƙaramar hukuma, guda 44, sai jiha, sai Abuja. A kowane mataki mutum ne da biro yake kwafe lamba daga wata takarda zuwa wata, cikin dare, cikin gajiya, manyan 'yan siyasa da 'yan jagaliyarsu suna kewaye. Kano ba ta manta da mazaɓar Gama ta Ƙaramar Hukumar Nasarawa a zaɓen gwamna na 2019 ba, inda rikicin ya tashi a wajen tattarawa, aka ce zaɓe bai kammala ba, aka sake a ranar 23 ga Maris cikin tashin hankali. Maganin da aka kawo wa wannan shi ne shugaban rumfa ya ɗauki hoton EC8A da BVAS ya tura shafin intanet na hukumar mai suna IReV nan take, yadda kowa zai iya gwada abin da aka manna a bango da abin da aka bayyana. A ranar 25 ga Fabrairu kuwa sakamakon 'yan majalisa ya riƙa hawa, na shugaban ƙasa ya ƙi, har dare. Hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce. 'Yan adawa suka ce da walakin. A ranar 26 ga Oktoban 2023 Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar Bola Tinubu, ta kuma ce rashin ɗora sakamako a shafin bai isa ya rushe zaɓe ba. A ganina wannan tangarɗar ta yi wa amanar mutane ɓarnar da ta fi ta kowane ɗan daba, domin alkawarin da aka fi nanatawa kafin zaɓe shi ne ya karye a idon kowa. In maigida wannan yake nufi, ba zan yi musu da shi ba.

Sai dai zaman gida ba ya gyara wannan, ƙara sauƙaƙa shi yake yi. Tsohon kirarin nan na "a kasa, a tsare, a raka" har yanzu yana aiki, illa dai rakiyar yanzu ba sai da ƙafa ba. Ki ɗauki hoton takardar da aka manna a bango, yadda sunan rumfa da lambarta za su fito, ki ajiye. Idan an ɗora ta rumfarku a shafin, ki gwada. Canza lamba a rumfar da mutum hamsin ke da hotonta ya fi wuya nesa ba kusa ba a kan rumfar da kowa ya watse tun azahar. Hukumar ta yarda mai zaɓe ya tsaya ya kalli ƙirge muddin cikin lumana ne. Amma ki sa ido: jami'an da ke rumfa ba sa riƙe bindiga, masu makamai suna sintiri ne daga nesa. In kin ga baƙin fuskoki sun fara taruwa, ko matasa suna shigowa da gora da abu a cikin riga, ki kama hanyar gida, hoton wani zai ɗauka.

Batun ko ƙuri'a ɗaya tana da amfani, bari alkaluma su yi magana. Mutum 93,469,008 ne suka yi rajista a 2023, waɗanda suka fito ba su kai miliyan 26 ba, wajen kashi 27 cikin ɗari. Tinubu ya ci da 8,794,726, Atiku Abubakar ya samu 6,984,520, Peter Obi 6,101,533, Rabi'u Musa Kwankwaso 1,496,687. A Kano masu rajista 5,921,370 ne, waɗanda suka fito ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Kwankwaso ya samu 997,279, Tinubu 517,341, Atiku 131,716, Obi 28,513. Waɗanda suka zauna a gida a Kano kaɗai sun fi ninki biyu na tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu a ƙasar baki ɗaya. A Legas kuwa Obi ya samu 582,454, Tinubu 572,606, tazarar ba ta kai dubu goma ba a jihar da ke da rumfuna sama da dubu goma sha uku, wato ƙasa da mutum ɗaya a kowace rumfa. Kuma ko wanda kika zaɓa bai zo na ɗaya a jiharki ba, ƙuri'ar ba ta faɗi ƙasa ba, domin ana tara ta ne a jimillar ƙasa, sannan kundin tsarin mulki ya ce sai ɗan takara ya samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi. Ƙuri'un da Tinubu ya samu a Kano, duk da bai ci jihar ba, sun ba shi wannan kason.

Kada ki sa ran jin wanda ya ci a daren. Zaɓen Asabar ne, amma sai da asubahin Laraba 1 ga Maris shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, ya bayyana sakamako. A tsakanin nan WhatsApp da Facebook za su cika da sakamakon ƙarya, kada ki tura abin da ba ki gani a bango ko kika ji daga bakin baturen zaɓe ba. Ki yi cefanen kwana uku ko huɗu tun ranar Alhamis, domin kasuwa ba ta ci ranar zaɓe, kuma hargitsi in zai zo ya fi zuwa bayan sanarwa: haka aka yi a 2011, kuma a Maris ɗin 2023 sai da aka sa dokar hana fita a Kano bayan sanar da sakamakon gwamna. Da asubar ranar kuma ki kunna rediyo kafin ki sa mayafi. A 2019 mutane sun kwanta da shirin fita ranar 16 ga Fabrairu, cikin dare aka ɗage zaɓen zuwa 23 ga wata, wasu sai da suka isa rumfa suka ji.